Zaren Da Aka Makantar

Auta ta yi shekaru tana fama da zare, amma ba na ɗinki ba. Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, irin wanda ake tura haske ta cikinsa ya fito ta ɗaya bakin. A gida, in ban da wanta, babu wanda ya fahimci aikin sosai. In aka tambayi Inna, mahaifiyarta, me 'yarta take yi a jami'a tun da ta gama karatun sinadarai, sai ta ce, "Zare take koya wa shanshana," ta kama dariya. Kuma ba ta kauce wa gaskiya da nisa ba.

Auta takan ɗauki zaren ta fere rigar robar da ke jikinsa a tsakiya, kamar tsawon ɗan yatsa, sannan ta shafa wa wurin wani shafi da ita ta haɗa shi da kanta. Shafin ba ya shan ruwa, amma in akwai ɓurɓushin mai ko tina a cikin ruwan, wato ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, sai ya zuƙe su kamar yadda tsumma ke zuƙe maiƙo. Da zarar ya zuƙa, hasken da ke gudu a cikin zaren sai ya fara yoyo ta wurin, ya isa ɗaya bakin a raunane. Raunin hasken nan shi ne shaida. Ko da abin da ke cikin ruwan bai kai hanci ya ji ba, zaren yana ji.

Sai dai zare ba ya magana. Ana buƙatar akwatin da zai tura hasken, ya auna abin da ya dawo, ya kunna fitila kore in ruwa lafiya, ja in da matsala. Akwatin nan Yaya ne ya haɗa shi. Shi kaɗai ne wanta, kuma shi ya riƙe gidan tun bayan rasuwar mahaifinsu. Ya karanci aikin lantarki, ya fito da sakamako mai kyau, amma aiki ya ƙi samuwa, ya ƙare a wani ɗan shago yana gyaran injinan awo na asibitoci da na'urorin adana wuta. Duk ƙarshen mako yakan rufe shagon ya taho ɗakin gwaje-gwajenta da jakar kayan aiki, ya share gefen tebur ya zauna yana liƙa wayoyi da dalma.

"Auta, wannan ɗakin naki wari yake kamar garejin mota," yakan ce. "Haka za ki ƙare, miji ya shigo ya ce an zuba fetur a gado."

"Kai dai liƙa wayarka, Yaya. Jiya akwatinka ya ce ruwan kwalba guba ne."

"Akwatina ba ya ƙarya. Abin da zarenki ya gaya masa shi yake faɗa. Ɗan aike ne."

Ranar da abin ya fara aiki yadda suke so, ta ɗiga tina ɗigo ɗaya a cikin bokiti cike da ruwa, ta juya, ta tsoma zaren. Lambobin da ke fuskar akwatin suka fara sauka a hankali, fitila ta koma ja. Yaya ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi, ya dafa kanta kamar lokacin da take 'yar firamare.

Wurin da suka fara gwada shi a waje shi ne layin gidan Inna. A ƙarshen layin akwai rijiyar burtsatse da tanki a sama, daga nan ruwa ke shiga famfunan gidaje, waɗanda ba su da famfo kuma su zo su yi layi da bokitai. Bayan tankin kaɗan katangar wata masana'antar fenti take, doguwa, an yi mata farin fenti mai kyau. An daɗe ana cewa wasu ranaku ruwan yana wari, masana'anta kuma tana cewa tsatsar tanki ce. Suka tsoma zare a ruwan da suka tara a bakin famfo. Ko minti bai cika ba fitila ta yi ja.

Shawararsu ita ce su kai sakamakon hukumar ruwa. Kafin su kai, labari ya riga ya tsallaka katanga, manajan masana'antar ya aiko yana son ganinsu. Mutum ne mai fara'a, ya tarbe su da kansa, bai musa komai ba. Ya ce akwai wani tsohon tankin tina da ke binne a ƙasa, suna zargin yana yoyo, kuma za su gyara. Ya ce suna so su sayi na'urar, a kafa ta a jikin bututun rijiyar, a ɗora fitilar a ƙofar masana'anta inda kowa zai gani. Suna kuma buƙatar injiniyan da zai riƙa kula da ita, da sauran awon da ake yi a ciki.

A hanyar dawowa Auta ta ɗaure fuska. Yaya ya ce, "Na san abin da ke ranki. Amma duba, in muka kai hukuma, takarda za su rubuta, su ajiye a durowa. Nan kuwa ga ni a ciki, idona a kan tankin, hannuna a kan akwatin. Wa zai taɓa shi ina nan?"

"Ba na son na'urar ta zama tasu."

"Tamu ce. Ruwan da Inna ke sha ne fa, Auta. Kina ganin zan yi wasa da shi?"

Wannan maganar ce ta kwantar mata da hankali.

Aka yi tono a cikin masana'anta, aka ga motocin siminti suna shiga. Fitilar ƙofa ta yi makonni tana ja, mutane suna sayen ruwa daga nesa suna ƙorafi. Wata safiya ta koma kore, ta kuma zauna a kore. Masana'anta ta kafa allo a ƙarƙashinta da hoton Auta cikin farar rigar aiki, aka rubuta cewa wannan na'ura ƙirar 'yar unguwar nan ce. In ta zo gaida Inna, dattawa a bakin shaguna sukan ɗaga mata hannu, mata su ce wa 'ya'yansu su yi karatu su zama kamarta. Yaya ya rufe shago, ya samu ofis da hular kwano fara, ya ƙara ƙiba kaɗan. Da yake shafin yana tsufa in ya daɗe a ruwa, lokaci lokaci takan shafa sababbin zaruruwa, ta jera su a kwali da auduga, ta ba shi ya canza. Ba ta taɓa cewa za ta bi shi ta gani ba. Ba ta ga dalili ba.

Wata Asabar da hantsi ta je gida ta tarar da maƙwabciyarsu a tsakar gida tare da Inna. Tela ce, gidanta na jikin nasu, ita da Inna aminai ne tun kafin a haifi Auta. Babu jini tsakaninsu, amma Gwaggo suka tashi suna kiranta. Ita ta ɗinka wa Auta kayan makaranta na farko, ita ta riƙa kwana da Inna a asibiti lokacin jinyar mahaifinsu.

"Ga mai hoto, ga mai hoto," in ji Gwaggo. "Zo ki duba mini hannun nan, tun da ke ma rabin likita ce."

Ta miƙo hannayenta. Bayan hannun ya yi ja, fatar tsakanin yatsu tana saɓulewa.

"Ga ciwon kai kullum, in na sunkuya kan keke sai in ga allura ta zama biyu. Ni har ina jin kamar warin nan ya dawo cikin ruwa. Amma na ce wa kaina, fitilar 'yarmu kore ce, to hancina ne ya tsufa."

Inna ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Ta ce, "Sabulu ne, ki canza sabulu."

Bayan Gwaggo ta tafi, Auta ta ɗauki kofi ta nufi famfon tsakar gida. Kafin ta buɗe, Inna ta ce da sauri, "Bar wannan. Shiga ɗaki akwai mai sanyi."

A ɗakin ajiya, bayan labule, inda da ake tara tsofaffin tukwane, ta ga manyan robobin ruwa irin na ofis, a jere, bakinsu a liƙe. Wasu babu komai a ciki, an kife su a gefe. Ta tsaya tana kallonsu.

"Inna, wannan fa?"

"Yayanki ke kawowa. Ya ce saboda cikina."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Me ya sa suke bayan labule?"

Inna ta gyara ɗankwalinta. "Ya ce kar in yi ta nunawa, kar a ce don ya samu aiki mun fi ƙarfin ruwan unguwa."

Auta ta koma famfo ta tara ruwa a kofin, ta rufe bakinsa da tafin hannu, ta girgiza, ta buɗe kusa da hancinta. Warin ba shi da ƙarfi, amma ta san shi kamar yadda ta san muryar uwarta. Ɗan wari mai zaƙi-zaƙi, irin na gam.

Abin da ya fara zuwa ranta shi ne shafinta ya lalace. Ta ji kunya ta rufe ta, ta ɗauka ita ce ta yi kuskure a haɗi, mutane suna shan guba da sunanta. Ta ɗauki jaka ta fita ba ta ko yi wa Inna bayani ba. Zaren yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bututu, a ƙarƙashin tanki, kuma tana da makullinsa tun ranar da aka kafa. Ta durƙusa ta buɗe, ta zaro shi a hankali, ta ɗaga shi a rana.

Shafinta dishi-dishi yake, kamar cikin ɓawon ƙwai. Wannan kuwa ƙyalli yake. Ta kankare gefensa da farce, wani ɗan ɓawo mai haske kamar ledar alewa ya ɓare ya maƙale a yatsanta. A ƙasansa ga shafinta nan, lafiyarsa lau, ruwa bai taɓa shi ba.

Ta mayar da murfin, ta tafi da zaren ɗakin gwaje-gwaje. A ƙarƙashin madubin ƙara girma komai ya fito. An bi shafin da banish, irin wanda ake shafa wa katako, an rufe shi ruf daga wannan baki zuwa wancan. Ba aikin gaggawa ba ne. Babu inda ya taru, babu inda aka tsallake, an ɗan zarce iyakar shafin ta kowane gefe don kada ruwa ya sami kafa. Ta haɗa shi da tsohon akwatinsu na farko, ta tsoma ɓangaren da ba ta kankare ba a cikin ruwan da ta zuba wa tina har warinsa yana hawa kai. Lambobin ba su motsa ba. An makantar da shi. Kuma banish kansa yana rage haske, dole sai an sake saita akwatin ƙofa ya ɗauki wannan a matsayin ruwa mai kyau. Mutum ɗaya ne ya san yadda ake saita akwatin.

Ta daɗe a zaune. Ta yi ta neman wani da za ta ɗora wa, ko leburan masana'anta, ko manaja da kansa. Amma ta san hannun. Haka yake liƙin dalma, tsaf, babu ɗigo.

Ranar Litinin da safe ta je masana'anta. Mai gadi ya gane ta daga hoton, ya buɗe mata da murna. Ofishin Yaya ƙarami ne, da sanyin na'ura, da hular kwano a rataye, da hoton 'ya'yansa a kan tebur. Yana ganinta ya washe baki.

"A'a, manyan baƙi. Yau zare ya ba ki hutu?"

Ta ajiye zaren a gabansa a kan farar takarda, da ɗan ɓawon a gefe. Ya kalle shi, fara'ar ta bar fuskarsa a hankali. Bai tambayi mene ne ba.

"Rufe ƙofar," ya ce.

Ta rufe, amma ba ta zauna ba.

"Gyaran da aka yi bai tsaya ba," in ji shi. "Sun toshe inda suka gani, ashe ƙasan tankin ne gaba ɗaya ya ruɓe. In za a cire shi sai an rushe rabin ɗakin haɗa fenti, a tsayar da aiki wata da watanni. Kin san mutum nawa ke ci a nan? Rabinsu 'yan layinmu ne. Manaja ya ce an yi odar sabon tanki, a ɗan rufa har ya iso. Na ɗan lokaci ne, Auta."

"Ɗan lokacin ya kai yaushe?"

Ya kai hannu yana gyara hoton da ke kan tebur.

"Kwali nawa na ba ka, Yaya? Duk haka ka yi musu?"

"Ki saurare ni."

"Ina zaune ina shafa su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi kada ƙura ta hau. In sa a auduga in miƙo maka. Kai kuma ka zo nan ka zauna da buroshi." Ta nuna zaren da yatsa. "Da cire shi ka yi ka yar, da ya fi mini sauƙi. Ka zauna ka yi shi da kyau."

"In na ƙi, wani za su samu ya yi. Aƙalla ni ina lura, ina auna abin a ɓoye. Bai kai yadda kike tsammani ba."

"Bai kai ba, shi ya sa kake kai wa Inna ruwan roba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ga hannun Gwaggo?"

"Ba zan iya shayar da unguwa ba, Auta. Uwata na iya, na kuwa yi." Ya ɗago, yanzu da ɗan zafi. "Ke kina da jami'a, kina da albashi ko zare ya yi aiki ko bai yi ba. Ni shekara nawa ina zaune a shagon nan ina jiran wani ya kawo inji? Sai yanzu yarana suka shiga makarantar kirki. Ba ki taɓa tambayata yadda nake kwana ba."

Ta ji maganar, kuma ta san akwai gaskiya a ciki. Ta ce, "Da ka gaya mini, da mun nemi hanya tare."

"Da na gaya miki, da kin yi abin da kike shirin yi yanzu." Ya jawo takardar ya ninke ta a kan zaren. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya kalle ta ba, "Kafin ki yi, ki tuna. Ba sunana ne a allon ƙofa ba. Hotonki ne. In abin ya fashe, na'urarki za a ce ta yi ƙarya."

Duk abin da ya faɗa kafin wannan tana iya ɗauka. Wannan ne ya shige ta. Ta tsaya tana kallon mutumin da ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta, yana gaya mata cewa ya riga ya lissafa inda zai fake, kuma a bayanta ne. Ta miƙa hannu ta ɗauke takardar daga gabansa, ta fita.

Daga nan gidan Inna ta wuce. Ta same ta tana shanya. Ta faɗa mata komai, tana jiran ta ga ta firgita. Inna ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta.

"Inna, kin sani?"

"Ban sani ba."

"Amma kin yi zato."

"Na yi zato. Ban tambaya ba." Ta rataye zanen, ta juyo. "Ɗana ya kawo mini ruwa ya ce in sha, in tsaya ina tuhumarsa? Auta, ki rufa wa ɗan'uwanki asiri. Ki je ki same shi ku gyara a tsakaninku. Tankin zai zo. Kar ki tsaya a titi ki tsiraita shi, yana da iyali."

"Gwaggo fa? Tana zaune a nan tana nuna miki hannu, kika ce ta canza sabulu."

Idon Inna ya kawo ruwa. "In ta zo ina ba ta na ɗaki ta sha. Kullum ina ba ta."

"In ta koma gida fa?"

Inna ta ɗauki bokitin wanki ta shige ɗaki.

Auta ta yi kwanaki ba ta yi komai ba. Tana zuwa aiki, tana koyarwa, tana dawowa. Ta kira Yaya, wanda ya riga ya sa wani zaren mai banish a madadin wanda ta cire, ta ce masa ya canza shi da kansa, ya bar fitila ta faɗi gaskiya, ita ba za ta ce wa kowa komai ba. Ya ce zai duba. Ta sake kira, bai ɗaga ba. Da ta bi ta layin, fitilar tana nan kore, mata na layi da bokitai a ƙarƙashin tanki.

Wata safiya, lokacin da layin ya fi tsawo, ta zo da tsohon akwatin da sabon zare. Ta roƙi wata mata ta ara mata bokitin da ta cika yanzu. Mutane suka matso suna murmushi, sun ɗauka wani sabon abu za ta nuna musu. Ta tsoma zaren. Fitilar akwatin ta yi ja, ga ta ƙofar masana'anta can tana kore, kowa na iya ganinsu duka biyun daga inda yake tsaye. Ta yi bayani a taƙaice: zaren da ke jikin bututu an rufe shi da banish, ba ya jin komai, ruwan nan kada a sha, kada a yi girki da shi.

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Ba godiya aka yi mata ba. Wani dattijo ya ce, "Ashe ku ne. Kun sa hoto kun sa fitila, muna ta ɗirka wa jikokinmu." Wata ta kifar da bokitinta a gaban Auta har ruwan ya jiƙa mata takalmi. Aka tambaye ta wa ya shafa, ta ce wanda ke kula da na'urar. Kowa ya san ko wane ne.

Gwaggo ta ratso mutane ta zo gabanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"'Yata, tambaya ɗaya. Uwarki wane ruwa take sha?"

Auta ta kawar da idonta. Gwaggo ta kalle ta na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai, ta ɗauki bokitinta babu komai a ciki ta tafi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Hukumar ruwa ta zo ta ɗebi ruwa, ta liƙe rijiyar, aka fara kawo ruwa a tankar mota. Masana'anta ta fitar da sanarwa cewa ma'aikaci ɗaya ne ya yi abin bisa raɗin kansa, kuma na'urar ma tun asali tana da rauni tun da ana iya rufe ta haka. Aka sallami Yaya. Manajan da ya ce a rufa yana nan a kujerarsa. Aka cire allon da hoton. Jami'a ta kafa kwamiti, Auta ta yi ta zirga-zirga tana nuna musu ɓawon banish a ƙarƙashin madubi. A ƙarshe suka wanke ta, amma wasu garuruwa da tun farko suka nuna sha'awar na'urar duk suka ja baya, ba wanda ya sake kira. Aka tilasta wa masana'anta tono tankin, aka rufe ɗakin haɗi, aka tura ma'aikata da yawa gida. Waɗannan ma suka daina amsa gaisuwarta. Hannun Gwaggo ya warke bayan wani lokaci, ciwon kan ya ragu, wasu yara kuma asibiti ya ce a riƙa kawo su ana duba jininsu.

Inna ta kasa zama a layin. Ba wanda ya zage ta, amma ba mai shigowa. In ta fita sayen wani abu, hira takan mutu har ta wuce. Daga baya ta ce za ta koma wurin Yaya, wanda ya sake buɗe wani shago a ɗaya gefen gari. Ba ta ce za ta koma wurin Auta ba, Auta kuma ba ta tambayi dalili ba.

Ranar kwashe kaya Yaya ya zo da motar haya. Tun ranar ofis ba su haɗu ba. Ya rame, ƙibar ta tafi. Ta ce, "Ina kwana, Yaya." Ya ce, "Lafiya," kamar mai amsa wa wani a tasha. Suka yi ta fitar da kaya, kowa ta gefensa, har aka zo kan babban kabad ɗin Inna da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Ya kama gefe, ta kama gefe. A bakin ƙofa kabad ɗin ya cije, suka tsaya fuska da fuska, katako a tsakaninsu.

"Hankalinki ya kwanta?" ya ce.

"Yaya, har yau ba ka ce mini in yi haƙuri ba. Ko sau ɗaya."

Ya kalle ta kamar zai yi magana. Sai ya ce, "Ɗaga ta wajenki, ƙafar ce ta maƙale."

Ta ɗaga, kabad ya fita.

Da aka gama lodi, Inna ta yafa mayafi ta je ƙofar Gwaggo. Ƙofar a rufe take, ana jin ƙarar keken ɗinki daga ciki. Ta yi sallama. Keken ya tsaya. Ta sake yin sallama, ta kira ta da sunan da su biyu kaɗai suke kiran juna da shi tun suna amare. Sai keken ya ci gaba. Inna ta ɗan ƙara tsayuwa, ta juyo tana gyara mayafin da bai zame ba, ta shiga gaban motar.

Yaya ya tada inji. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Akwai wuri a baya in za ki matsa."

"Ku je, Inna. Sai na share, in kai wa mai gidan haya makulli."

Motar ta bi layin a hankali saboda ramuka, ta sha kwana. Auta ta koma ciki ta nemi tsintsiya, ta tarar an haɗa da ita a cikin kayan.